Yaron da ya saba zuwa na ɗaya ya dawo gida da 2.30

Baban Abba, Badarawa:
Assalamu alaikum jama'a. Wata damuwa ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai injiniyoyi da malaman makaranta a cikinmu. Babban yarona ya gama aji ɗaya a sashen injiniyan lantarki a wata jami'ar tarayya. Shekaranjiya ya turo mini sakamako: CGPA, wato matsakaicin makinsa, 2.30 cikin 5, da kariyoba biyu, wato darussan da ya faɗi sai ya sake, lissafi da fiziks. Yaron nan tun firamare bai taɓa wuce na uku ba. A1 ya samu a lissafi a WAEC, JAMB kuma ya ci 281. Da na tsare shi sai ya ce wai haka karatun yake, wai akwai malamin da ya shigo ranar farko ya ce musu A ta Allah ce, B tasa ce, su je su yi kokawa a kan C. Ni ban yi boko mai zurfi ba, tayar mota nake sayarwa. Abin da na sani shi ne kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci duk daga jikina suke fita. Gaskiya yake faɗa mini ko wasa ya sa a gaba? In wasa ne, shago na nan yana jiran sa.

Maman Walida:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ruwa ba ya tsami banza. Ka duba wayarsa ka duba abokansa. Yaro ya bar gaban iyaye, ba mai tashin sa asuba, ba mai ce masa ajiye waya. Ɗan ƙanwata haka ya yi, ashe ƙwallon Turai yake kwana kallo.

Ɗan Panteka:
Alhaji turo mana shi Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta nan Kaduna. Wata shida zai fara naɗin koyil yana cin abinci da hannunsa.

Mai Kula da Zaure:
Tunatarwa kafin magana ta yi nisa: kada kowa ya ambaci sunan makarantar da yake ƙorafi a kanta ko sunan malami. A yi magana a kan matsalar.

Injiniya Kawo:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin a yanke wa yaro hukunci bari in buɗe maka abin da 2.30 take nufi, don da yawa daga iyaye lambar kawai suke gani.

A jami'o'inmu 70 zuwa sama ita ce A, foyin 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, foyin 4. Daga 50 zuwa 59 C, foyin 3. Daga 45 zuwa 49 D, foyin 2. Daga 40 zuwa 44 E, foyin 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani yunit 1, wani 2, wani 3. Sai a ninka foyin da yunit, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne wannan lambar da ya turo maka.

Mu ƙaddara yunit 40 ya ɗauka a shekarar. To foyin 92 ke nan ya tara. Kwasa-kwasan nan biyu da ya faɗi, in kowanne yunit 3 ne, da C kawai ya samu a cikinsu da ya ƙara foyin 18, da yanzu 2.75 muke magana ba 2.30 ba. Ka ga ashe ba ko'ina ya lalace ba, rami biyu ne suka ja shi ƙasa.

Yanzu ga wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Injiniya shekara biyar ce. Mu ce duka yunit 180 zai yi, saura 140. Ko da daga yau bai sake cin komai ba sai A, iyakarsa 4.40. Fas kilas, matakin digiri mafi girma, daga 4.50 take farawa, wato wannan ƙofar ta rufe. Amma tu-wan, matakin da ke bin ta, daga 3.50 take, kuma in ya riƙe kusan 3.84 a sauran shekaru huɗun zai kai. Ma'ana yawancin sakamakonsa ya zama B, da A jefi-jefi, C kaɗan. Da wuya, amma na ga waɗanda suka yi. Inda yake yanzu tad kilas ne, mataki na ƙasa, don tu-tu da ke tsakaninta da tu-wan daga 2.40 take.

Baban Abba, Badarawa:
Injiniya na gode. Wallahi sai yau na san yadda ake haɗa abin. To in ya sake rubuta waɗanda ya faɗi ya ci, ba za a goge sifilin ba?

Injiniya Kawo:
A mafi yawan jami'o'inmu ba a gogewa, Alhaji. Duka biyun ake lissafawa. Kwas mai yunit 3, ya faɗi sannan ya dawo ya ci A, foyin 15 ne a kan yunit 6, wato 2.5. Kamar tabon ƙuna ne, ciwon ya warke amma shaidar tana nan. Ya duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarsu ya tabbatar.

Malama Mai Lissafi:
Ina karanta ku tun ɗazu. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da lissafi ga 'yan aji ɗaya da biyu, don haka irin yaronka Alhaji kowace shekara ina ganin su da yawa, kuma su ne suka fi ba ni tausayi.

A sakandare yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya zuwa na ɗaya da hadda. Malami ya yi misali a allo, ranar jarrabawa ya kawo misalin nan ya canza lambobi. JAMB kuma zaɓi ne cikin huɗu, wanda ya sha tsofaffin tambayoyi yana gane amsa tun kafin ya gama karanta tambayar. Sai ya zo wajenmu. Mu ba mu tambayar ko ka riƙe fomula. Za mu ba ka tankin ruwa da ke yoyo mu ce ka gaya mana saurin da ruwan ke sauka bayan minti kaza. Ba wanda zai ce maka kalkulas ake nufi, kai za ka gane. A nan ne na ɗayan aji yake tsayawa cak, don bai taɓa zama da tambaya ɗaya awa guda yana fama ba. Bai saba rashin ganewa ba, kuma kunya ba ta barin sa ya ɗaga hannu.

Abin da nake gani a takardunsu: a jera fomula biyar a saman shafi, ba zane, ba bayanin abin da aka sani da abin da ake nema, a ƙasa a rubuta lamba ba ma'auni, ko mita ce ko kilo oho. Alhali mataki-mataki muke ba da maki. Tambaya mai maki 15, amsar ƙarshe ba ta wuce 2 ko 3. Wanda ya bi hanya daidai ya kuskure a ƙarshe zai kwashi 12. Wanda ya dire amsa daidai ba hanya, sai mu fara tunanin daga maƙwabci ya ɗauko.

Maganar A ta Allah ce kuwa, ba zan kare ta ba. Mummunar magana ce, kuma tana karya wa yara gwiwa tun kafin su fara. Amma a duba allon sakamako. Da wuya a rasa masu A a kwas ɗin, ko da biyar ne.

Maman Walida:
Malama ku ma fa kuna da naku. Mutum ɗari shida a aji, biyar su ci A, fiye da ɗari su faɗi, kuma a ce duk laifin yara ne? In tela ya ɓata riga ɗaya sai a ce yadi ne, in ya ɓata ɗari fa?

Malama Mai Lissafi:
Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma ke da bakinki kin faɗi dalilin. Ɗari shida a ɗaki ɗaya. Na bayan ba ya ganin allo, lasifika ta mutu ba ya ji. Ni kaɗai zan yi makin takardun nan cikin 'yan makonni, ga sauran kwasa-kwasai. Lissafi ba ya shiga sai an ba ka aiki kowane mako an duba an dawo maka da shi ka ga inda ka kauce. Wa zai duba ɗari shida kowane mako? Shi ya sa ake ƙarewa da tes ɗaya ko biyu na maki 30 ko 40, sauran 70 ko 60 ɗin a jibge su a kan awa uku na rana ɗaya. Zazzaɓi ya kama ka ranar, shi ke nan.

Ɗan Aji Huɗu:
Baba ina wuni. Ni ɗalibi ne, injiniyan kanikanci nake, kuma da 2.61 na gama aji ɗaya, yanzu ina 3.44. Na ce bari in sa baki don na san ɗacin abin.

Abu na farko, kada ya ɗauka wahalar ta wuce. Aji biyu ne ake shiga injiniya ta gaskiya, kuma kusan duk sassa tare ake yi: lissafin injiniya, tamo wato ilimin zafi da makamashi, ilimin gudanar ruwa, ƙarfin ƙarafa da kayan gini, zanen injiniya, ga wokshop. Su 'yan lantarki ga sakit, wato ilimin zagayen wutar lantarki, a gaba kuma ga filin maganaɗisu da kowa ke kuka da shi. Kuma duk a kan lissafin nan da fiziks ɗin da ya faɗi aka ɗora su. In bai gyara tushe a hutun nan ba, zai riƙa rubuta kariyoba yana fama da sabbi, wani lokaci ma lakcocin su ci karo a awa ɗaya.

Ni abin da ya canza mini: na daina karanta amsoshi. Da sai in ɗauki tsofaffin tambayoyi da amsarsu in bi da ido, in ce na gane. Ƙarya ce. Yanzu rufe amsar nake, in yi da biro, in na maƙale minti talatin sannan in leƙa layi ɗaya in sake rufewa. Na biyu, mu huɗu muka haɗu, kowa a ba shi babi ya koyar da sauran. Ranar da aka ce ka tsaya gaban allo ka bayyana dokar tamo ta biyu ga abokanka, ranar za ka san ko ka iya. Na uku, na daina kwanan aji ana saura mako ɗaya jarrabawa. Ka kwana ido biyu da shayi, ka shiga hol kanka kamar an cusa auduga.

Amma Malama, da girmamawa, akwai inda zan ja da ke. Kin ce a ga inda aka kauce. Wallahi akwai kwasa-kwasan da har muka gama ba mu ga takardar tes ɗinmu ba, ba mu san makinmu ba sai da sakamako ya fito. Ta yaya mutum zai gyara? Sannan tun yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka yi ta matse zango don a cike giɓi. Abin da ya kamata a koyar cikin mako goma sha biyar sai a dunƙule shi, a turo mana fayil a WhatsApp a ce mu karanta sauran.

Malama Mai Lissafi:
Ban musa ba, ɗana. Ni ina mayar da takardun tes, amma na san ba kowa ke yi ba. Haƙƙinku ne, ku bi ta wakilin aji ku nema da ladabi.

Na Amurka:
Salam. Yanzu na tashi, a nan safiya ce. Ina digiri na uku a injiniya kuma ina taimaka wa farfesa da makin 'yan digirin farko, don haka bari in kawo yadda wasu suke yi, ba don in ce sun fi mu hankali ba.

Wannan faɗuwar ta shekarar farko ba a Najeriya kaɗai take ba. Jami'ar MIT da ke jihar Masacusets, wadda sai zaƙaƙurai take ɗauka, ta san da ita. Shi ya sa a zangon farko ba A ba B a takardar ɗalibi. In ka ci a rubuta ka wuce, in ka faɗi ba a ma rubuta cewa ka ɗauki kwas ɗin a takardar da za ta fita waje. Caltech da ke Pasadena a Kalifoniya ita ma zango biyu na farko ci ko faɗuwa ne kawai. Hikimar ita ce, an tara yara da kowannensu shi ne na ɗaya a garinsu, dole rabi su koma ƙasa da tsakiya, to a ba su lokaci su koyi yadda ake karatun kafin a fara ƙirga musu. Da a can yaron Alhaji yake, wani ɓangare na wannan 2.30 da ba zai bi shi har ranar kammalawa ba.

Kuma kada a ɗauka sauƙi ne. Aikin gida na mako ɗaya a kwas ɗaya yana iya cinye maka dare biyu. A jami'ar da nake, na yi makin jarrabawar da matsakaicin aji bai kai 50 ba. Bambancin shi ne farfesan ya duba yadda ajin duka ya yi kafin ya yanke inda A za ta fara. A gida kuwa 70 ita ce 70, ko jarrabawar ta yi tsauri ko ta yi laushi. Wannan daga Ingila muka gada, can ma 70 ce matakin fas kilas.

Ɗan Panteka:
To ai ga shi. A kawo mana wannan tsarin mana.

Injiniya Kawo:
Na Amurka, faɗi sauran. Ɗalibai nawa ne a Caltech ɗin?

Na Amurka:
'Yan digirin farko duka-duka wajen dubu ɗaya ne. Kuma yawancin jarrabawarsu a ɗaki mutum yake yi shi kaɗai, a ce awa uku kuma kada ka buɗe littafi, shi zai duba agogo da kansa, bisa amana.

Injiniya Kawo:
Yawwa. Duk 'yan digirin farkon nasu ba su kai ajin Malama biyu ba. Ka kawo ci ko faɗuwa a ajin mutum ɗari shida ba mai bibiya, rabin yaran maki 40 kawai za su nufa su kwanta, su shiga aji biyu ba tushe. Jarrabawar ɗaki kuwa ba sai na ce komai ba, kowa ya san abin da zai faru kafin la'asar. Ni ban yarda a sassauta maki ba. Gadar Kawo da muke hawa kullum, akwai wanda ya zauna ya lissafa nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka da yawan rodin da za a sa. Ba na so a ce wanda ya yi wannan lissafin an ɗaga masa maki ne don ajinsu duka ba su gane ba. Siminti ba ya duba matsakaicin aji.

Na Amurka:
Yaya Injiniya, ba sassauci ba ne. Gadojinsu ma ai suna tsaye. Tambayar ita ce, me makin yake aunawa? In malami biyu suna koyar da kwas ɗaya, na bana ya yi tambayoyi masu tsauri, na baɗi ya yi masu sauƙi, ɗalibin bana ya fita da C na baɗi da A, wa ya fi wani sani? Takarda ba za ta faɗa ba. Kuma in ɗanmu ya nemi karatu a waje da 3.2, mai dubawa bai san wuyar da aka sha kafin a same ta ba.

Malama Mai Lissafi:
Ku duka kuna da gaskiya ta wani gefe, amma ni na fi karkata ga Injiniya a kan maki, na fi karkata ga Na Amurka a kan shekarar farko. A bar 70 a inda take. Abin da nake so a rage shi ne nauyin aji ɗaya a lissafin ƙarshe. Yaro ɗan shekara 17 da bai gama sanin hanyar ɗakin lakca ba, a ce kuskurensa na wata huɗun farko ya rufe masa ƙofa har abada, wannan bai yi mini ba. Na faɗa a taron sashe, aka ce ba hurumin sashe ba ne.

Hajiya Mai HND:
Ku 'yan jami'a har kuna kuka da 70. Mu a poli sai ka kai 75 ake ba ka A, kuma a kan 4 ake lissafi ba 5 ba. Tsarin NBTE ne, hukumar da ke kula da poli, hedikwatarsu ma a nan Kaduna take. Matakan sakamakonmu kuwa, distinshin daga 3.50, ofa kiredit daga 3.00, lowa daga 2.50. Ga firaktikal da ba a ɗaga ƙafa. Na yi sibil, wato injiniyan gine-gine, na sha rana da na'urar safiyo a kafaɗa har na yi baƙi, mahaifiyata ta ce ko aikin gona aka sa mu.

Baba Tsohon Masaƙa, Kakuri:
'Ya'yana sannunku. Jikata ce take rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Na yi karatu a Kaduna Polytechnic, na yi aiki a masaƙa shekara ashirin da shida a ɓangaren gyaran injuna. Masaƙar KTL tun 1957 take, kafin a haifi yawancinku, kuma lokacin da Kakuri take Kakuri, in aka tashi daga aiki kekuna sai sun rufe titi. A lokacinmu ma karatun nan ba a ba da shi a arha. Mu talatin da wani abu muka fara, ba duka muka gama ba. Amma malami ya san sunan kowa, in ka yi fashi zai aiko a kira ka. Kuma duk abin da aka zana a allo, da rana za ka je ka taɓa shi da hannu.

Abin da zan gaya wa Alhaji: a duk shekarun da na yi, ranar da inji ya tsaya ba wanda ya taɓa tambayar makin kowa. Wanda ya sa kunne ya gane beyarin ne ya ci, shi ne injiniya a ranar. Kada ka cire yaron nan.

Injiniya Kawo:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarku gaskiya ce a cikin masana'anta, amma yanzu matsalar shiga ƙofar ce. Lokacinku masaƙu da Peugeot da matatar mai suna neman mutane. Yau guraben kaɗan ne, masu nema dubbai, sai manyan kamfanoni su rubuta tu-wan a talla don su rage tulin takardu. Kwamfuta ce take tacewa kafin ɗan Adam ya gani. Tallafin karatu na waje ma haka. Ni da tu-tu na fita, na yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ina aikina lafiya, amma na san ƙofofin da ban ko ƙwanƙwasa ba saboda ita. Shi ya sa nake so yaron ya san lissafin tun yanzu, ba sai aji huɗu ba.

Ɗan Panteka:
Ni dai abin da na sani, duk ƙarshen shekara 'yan aji biyar suna cika mana rumfa da takardar zane, a haɗa musu injin ɓarzar masara ko na matsar gyaɗa su kai a ba su maki. Wani ko riƙe walda bai iya ba. Har mai fas kilas na yi wa. To makin nawa ne ko nasa?

Hajiya Mai HND:
Wannan kam ka fama musu ciwo.

Injiniya Kawo:
Malam na Panteka ba a raina ku, ni ma wajenku nake kawo aiki. Amma in shaft ya karye sau biyu me kake yi? Ka sa mai kauri. Shi an koya masa ya lissafa kaurin tun kafin a yanka ƙarfe, ya san dalilin karyewar. Injin masara ana iya gwadawa a gyara. Taransifoma ko bene mai hawa shida ba a gwaji da su. Laifin da na yarda da shi, wata shidan SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, da ake yi a aji huɗu da yawa suna zaman ofis ne suna cike littafi, maimakon su zo irin wajenku su ƙona hannu.

Ɗan Panteka:
To a turo su, amma su zo da kuɗin abincinsu.

Maman Walida:
Ni akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba. Idan fa cin ya yi aka danne masa? Muna jin labarai.

Malama Mai Lissafi:
Hajiya yana faruwa a yi kuskure, musamman wajen tara maki ko shigar da su, ko makin tes ya ɓace a ɗauka bai yi ba. Hanya tana nan: ya fara zuwa wajen jami'in jarrabawa na sashensu ya ga yadda makin ya rabu, nawa a tes nawa a jarrabawa. In yana da yaƙinin an zalunce shi, ana rubuta takardar neman a sake maki, a biya kuɗi, a ba wani malamin daban. Amma ya tabbata tukuna. Kuma don Allah Alhaji kada a nemi wani ya je ya ga malami a bayan fage, abin da ke kai yaro ga kora ke nan.

Baban Abba, Badarawa:
Jama'a na dawo. Bayan magariba na zaunar da shi, na karanta masa abin da Malama da ɗan aji huɗu suka rubuta. Da farko shiru ya yi, sai ga hawaye. Ba danne masa aka yi ba, ya ga makinsa: 9 cikin 30 a tes ɗin lissafi, 26 a jarrabawa, 35 ke nan. Ya ce sunansa a jeri na biyu na waɗanda jami'ar ta ɗauka ya fito, kafin ya gama rajista an yi mako biyar ana lakca, tes ɗin farko kwana tara bayan shigarsa aka yi. A nan jikina ya yi sanyi, don mako biyu daga cikin biyar ɗin ni na jawo, kaya sun maƙale mini a hanyar Legas ban haɗa kuɗin da wuri ba. Ya ce bai taɓa zuwa tutoriyal ba, wai yana ganin na marasa ƙoƙari ne. Kuma yadda ɗan aji huɗu ya faɗa, amsoshi yake haddacewa. Na tambaye shi maganar A ta Allah ce, ya ce an faɗa, amma mutum bakwai sun ci A a kwas ɗin.

Maman Walida:
Allah sarki. Amma duk da haka a duba wayar.

Baban Abba, Badarawa:
Hajiya na duba, ƙwallon ma tana ciki.

Ɗan Aji Huɗu:
Baba ina gida Unguwar Dosa har ƙarshen wata, SIWES nake a nan cikin gari. In kun amince ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi bayan azahar mu fara daga kalkulas. Ina da allon zane da tii-sukwaya, rular zanen injiniya, da na gama da su, zai buƙace su a aji biyu, kada ku saya. Ya zo da littafin rubutu sabo da biro, kada ya zo da amsoshin nan.

Ɗan Panteka:
Sauran kwana biyar ɗin fa? Ya zo ya ga yadda koyil yake ƙonewa kafin a zana masa shi a allo.

Baban Abba, Badarawa:
Litinin da Talata naka ne, sauran yana shago, taya ba ta ɗaga kanta. Ɗan aji huɗu, na turo maka saƙo ta gefe, ka ba ni kwatancen gidan.